Fuska Mai Tabarau a Lamba Takwas

Sati uku bayan an yi wa Hajiya Asiyatu aikin ido, likita ya gaya mata gaskiya: na dama ya washe, na hagu kuwa sai haƙuri. Ya ce hasken rana zai riƙa sukarsa, don haka kada ta fita ba baƙin tabarau. Shekararta talatin da ɗaya tana sayar da atamfa a kasuwar Zongo, a bakin babban titin da tireloli ke bi zuwa Burkina, kuma da idon nan aka san ta. Daga nesa take hango zane ta ce wannan zai zuba, wancan ba zai zuba ba. Yanzu ga ta zaune a shago da tabarau kamar direban babbar mota. Masu zuwa yi mata sannu suna cewa ai ya yi mata kyau, ita kuma tana lura da yadda suke saurin kawar da kai.

Matan layinsu suna da ƙungiya, su wajen arba'in, masu haɗuwa su yi girki idan ana biki ko suna ko sadakar rasuwa. Hajiya Batul ce shugaba. Suna da gurup a waya inda ake zuba saƙon murya tun daga safe har magariba, wannan ta yi gaisuwa, waccan ta yi cigiyar tukunyarta. Da Hajiya Batul ta gaji da rigimar "ni ban ji an kira sunana ba", sai ta ce daga yanzu a riƙa rubuta sunayen masu aiki a jere. Aka ɗora wa Yasmine, 'yar Zaituna mai koko, wadda ke aikin ofis a wata makarantar koyon tuƙi a unguwar Bè-Kpota. Ita ce kuma yarinyar da Zulkifli, ɗan Asiyatu na uku, yake nema. Iyaye maza sun riga sun gaisa, saura a kai goro a sa rana.

Ranar wata Laraba da hantsi jerin farko ya shigo. Za a yi suna a gidan Assana ranar Asabar. Asiyatu ba ta yi boko ba, amma ta san lambobi, ta kuma san sunanta a rubuce ko a ina ta gan shi. Ta tura tabarau goshi, ta kawo wayar kusa da idon dama, tana bi da yatsa. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai, kowace mace da lambarta a gaban sunanta. Da ta zo kan nata sai yatsan ya tsaya. Babu lamba. A gurbin lambar wata 'yar fuska ce rawaya, zagayayya, sanye da baƙin tabarau, tana murmushi. A ƙasanta tara ta ci gaba, goma, sha ɗaya, sha biyu, kamar ba a yi komai ba.

Ta goge gilashin wayar da bakin mayafi. Fuskar tana nan. A ƙasan saƙon, mata biyu sun manna fuskar dariya mai hawaye. A gurup ɗin nan ana sa dariya a kan komai, ko da sanarwar ɗauke ruwa ce, amma Asiyatu ta dubi sunayen biyun da kyau, ta riƙe su a ranta.

Safina, maƙwabciyar shagonta mai sayar da mayafai da turare, ta leƙo da wayarta a hannu. Sun fi shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya.

"Asiya, kin ga saƙon surukarki?"

"Na gani."

"To." Safina ta zauna a kan benci, ta gyara ɗaurin kallabi. "Ni dai ban ce komai ba. Yaran nan da suka yi karatun Faransanci, wasansu daban ne."

"Mutum sha biyu ne a jerin nan, Safina. Ni kaɗai ce mai tabarau."

"Shi ya sa na ce ban ce komai ba."

Da ta tafi, Asiyatu ta zauna tana tuno ranar da Yasmine ta je duba ta a asibiti. Ta kai mata abarba a yanke. Ta tsaya a bakin ƙofa ita da wata ma'aikaciyar jinya suna magana da Faransanci, har suka yi dariya. A lokacin ba ta kawo komai a ranta ba. Yanzu kuwa tana so ta san dariyar mece ce.

Ranar Asabar ta isa gidan Assana da wuri. An jera manyan tukwane a tsakar gida, wake da shinkafa na tafasa, hayaƙin itace ya cika ko'ina. Yasmine ta taso da sauri, ta durƙusa har ƙasa.

"Mma, ina kwana? Yaya idon?"

"Da sauƙi."

"Bari in kai miki kujera gindin mangwaro, hayaƙin nan zai dame ki."

A da, Asiyatu ce ke tsayawa a kan tukunyar miya, ba a sauke ta sai ta ɗanɗana. Yau aka ajiye ta a inuwa kamar baƙuwa. Wata ta miƙo mata tiren wake ta tsince, sai kuma ta janye shi da sauri, ta ce, "Kai, na manta, bari kawai Hajiya."

Abu ɗaya tabarau ya yi mata: ba wanda ya san inda take kallo. Ta fuskanci tukwane, amma idonta na kan Yasmine. Yarinyar tana yanka albasa, tana ɗauko ruwa, ba ta ko zauna ba. Da azahar ta matso, 'yan mata uku suka haɗa kai a kan waya ɗaya suka fashe da dariya, Yasmine ta leƙa ita ma ta dara. Asiyatu ta kawar da kai. Da aka kawo mata abinci, yarinyar ce ta kawo, da hannu biyu, har da tsokar da ta fi kowace girma. Ladabin ya yi yawa, in ji Asiyatu a ranta. Da ba ta san abin da ta yi ba, da ba ta yi ta rawar jiki haka ba.

Bayan la'asar ta sami mijinta, Alhaji Sabitu, a ƙofar ɗaki yana sauraron rediyo.

"Alhaji, maganar kai goron nan, a ɗan dakata."

Ya rage muryar rediyon. "Me ya faru?"

"Ba komai. Ina so in ƙara duba yarinyar."

"Hajiya, a gabanki aka haife ta, ke kika yi mata wankan farko. Me za ki duba?"

"Da ido biyu na dube ta ban ga komai ba. Bari in gwada da ɗaya."

Ya dube ta. Ya san ta, idan ta yi irin wannan magana ba a matsa mata. Ya ce to, sati uku, daga nan kuma ba zai iya haɗa ido da mutanen gidan su yarinyar a masallaci ba.

Kwana goma bayan haka aka turo jeri na biyu, na sadakar arba'in ɗin wani dattijo. Wannan karon mutum sha biyar ne, kuma an juya sunayen. Wadda take ta uku ta koma ta shida, ta ƙarshe ta dawo ta biyu. Asiyatu kaɗai ce ba ta motsa ba. Tana nan tsakanin bakwai da tara, fuskar nan mai tabarau tana yi mata murmushi. Da sau ɗaya ne, da ta ce hannu ne ya zame. Masu dariya a ƙasa yanzu sun zama biyar.

Safina ta shigo shagon tana tafa hannu a hankali. "Wallahi yarinyar nan ta raina ki, Asiya. Tun ba ta shigo gidan ba? Idan ta shigo fa?"

Asiyatu ta ci gaba da ninke wata atamfa da ta riga ta ninke.

Ranar Lahadi Zulkifli ya zo. A tashar jiragen ruwa yake aiki, wurin masu fitar da kaya, hutunsa ranar Lahadi kawai. Bai ko gama cin tuwonsa ba ya ce, "Mma, Baba ya ce ke kika ce a dakata. Laifin me ta yi?"

Ta buɗe wayar, ta miƙa masa. Ya duba, sai dariya ta suɓuce masa. Da ya ɗago ya ga fuskarta, ya haɗiye sauran.

"Mma, yi haƙuri. Wannan ba ita ba ce. Na'urar ce take yin haka da kanta."

"Na'urar ta je asibiti ta ga an rufe min ido?"

"A'a, idan mutum ya rubuta takwas, ya sa wata alama a bayanta..."

"Mutum sha biyar. Na'urar ta tsallake uwarta, ta tsallake Hajiya Batul, ta zo kaina. Sau biyu."

"Bari in kira ta yanzu ki ji daga bakinta."

"Ajiye wayar nan."

"Mma..."

"Ka kira ta ku haɗa baki, gobe ta zo min da hawaye da irin maganar da ka faɗa yanzu? Zulkifli, ka rantse min ba za ka gaya mata ba, ko da saƙo."

Ya ce wallahi ba zai gaya mata ba. Ya tashi ya bar tuwon.

Ta yi ta juya maganarsa. Yaron bai taɓa yi mata ƙarya ba, amma bai taɓa son mace haka ba. Kuma ko da gaskiya ne na'ura ke yi, ai ba na'ura ce ke jera mutane ba. Wani ne ya ajiye ta a takwas, ya kuma sake ajiye ta.

Ranar Litinin ta buɗe shago kamar kullum, ta ce wa Safina za ta je ganin likita. Ta shiga tasi zuwa cikin gari, daga can ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, abin da ba ta yi ba tun da aka yi mata aiki. An yi ruwa da asuba, hanyoyin Bè-Kpota duk kududdufai, mai babur yana ta kauce-kauce, ita kuma ta riƙe tabarau da hannu ɗaya kada ya faɗi.

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne, an lilliƙa hotunan alamomin hanya a bango, fanka na juyawa a sama. Yasmine tana zaune a bayan kwamfuta. Da ta ga wadda ta shigo ta miƙe zumbur, har kujerar ta bugi bango.

"Mma! Lafiya? Wani abu ya sami Zulkifli?"

"Lafiya lau. Hanya ce ta biyo da ni."

Ba hanyar da ke biyo da mutumin Zongo ta Bè-Kpota da hantsin Litinin, su duka sun san haka. Yasmine ta ce wa abokin aikinta da yaren Mina ya ba Mma kujerarsa, ya tashi ya fita waje wurin motoci. Ta kawo ruwa mai sanyi. Asiyatu ta karɓa ta ajiye ba ta sha ba.

"A nan kike rubuta sunayen ƙungiya?"

"Eh, Mma. A kwamfuta ya fi sauri."

"Ina da jeri. Ki rubuta min yadda kike rubuta na Hajiya Batul, ki tura wayata ni kaɗai."

Ta jawo kujerar har gwiwarta na taɓa teburin. Ta cire tabarau, abin da ba ta yi a gaban kowa in ba mijinta ba, ta ajiye shi a cinya. Yasmine ta ga farin idon na hagu, ta sunkuyar da kai.

"Kar ki dube ni, dubi aikinki. Ni hannunki nake kallo. Ɗaya, Hajiya Batul."

Yarinyar ta danna lamba, ta danna wata alama mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, sannan sunan. Asiyatu tana kiran sunaye, tana lanƙwashe yatsunta a ƙarƙashin mayafi. Biyu, Assana. Uku, huɗu, biyar. Idonta ɗaya bai bar yatsun Yasmine ba. Kowane layi iri ɗaya take yi, lamba, alamar nan, suna.

"Takwas," in ji Asiyatu, "Zaituna."

Ta jira ta ga ko hannun zai yi jinkiri a kan sunan uwarta, ko zai kauce ya danna wani abu daban. Bai yi ba. Takwas, alama, suna, ta wuce tara. Da suka kai goma Asiyatu ta ce ya isa, ta tura.

Wayar ta yi ƙara a cikin jaka. Asiyatu ta fiddo ta, ta buɗe, ta kawo ta kusa da ido. Sannan ta juya ta wajen Yasmine. A gaban sunan Zaituna mai koko, fuskar rawaya ce da baƙin tabarau, tana murmushinta.

Yasmine ta dubi wayar, ta dubi kwamfutarta, inda fuskar ta fito ita ma. Ta ce, "Kai, wannan kuma daga ina?" Asiyatu tana kallonta lokacin da abin ya faɗo mata. Yasmine ta buɗe gurup ɗin ƙungiya, ta yi ta ja sama, ta wuce saƙonnin murya sun fi ɗari, har ta kai jerin sadakar arba'in. Ta ƙara ja, ta kai na gidan Assana. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi. Mma, wallahi tallahi ban gani ba."

"Ke kika tura, ba ki gani ba?"

"Ina turawa nake rufewa in koma aiki. Gurup ɗin nan na kashe masa ƙara tun watan azumi, saƙonnin sun yi yawa, shugaban ofis yana faɗa. Ba na buɗe shi ko a waya." Hawaye ya zubo mata. "Kwana nawa ke nan? Kowa ya gani, ba wanda ya gaya min? Ko mamana?"

"Uwarki tana duba rubutu ne? Murya kawai take saurare."

Asiyatu ta zuba mata ido. Ta ga hawayen ƙarya da yawa a kasuwa. Wannan hancin yarinyar har ya yi ja, kuma ba ta neman a dube ta.

"Share fuskarki. Nuna min yadda abin yake yi."

Yasmine ta ɗauki biro ta rubuta 8) babba a kan takarda. "Mma, ki ɗan karkata kanki gefe. Takwas ɗin kamar gilasai biyu ne, alamar nan kuma kamar baki yana murmushi. Can da, haka mutane ke zana fuska da rubutu. To shi wannan abin hirar, idan ya ga an haɗa su sai ya ɗauka fuska ake nufi, ya mayar da kansa."

Asiyatu ta karkata kai. Ta daɗe a haka. Ga tabarau, ga baki, ba musu.

"Ba a hana shi?"

"Ana hana shi. Bari in nemo."

Ta shiga wurin saiti, tana karanta Faransancin a hankali da leɓɓanta, ta buɗe nan ta rufe can. Daga baya ta samo shi a ƙarƙashin sashen rubutu, wani ɗan maɓalli kore. "Ga shi. Ya ce a riƙa mayar da alamomi fuskoki kai tsaye. A kunne yake zuwa, ba ni na kunna ba." Ta danna shi ya koma toka-toka.

"Sake rubutawa. Wannan karon sa sunana."

Ta rubuta, ta tura. A wayar Asiyatu takwas ta fito tsaye da alamarta, kamar kowace lamba. Ta sa aka sake har sau biyu kafin ta mayar da tabarau a fuska, ta ɗauki ruwan ta sha rabi.

"Saura abu ɗaya. Wa ya ce ki sa ni a takwas?"

"Hajiya Batul ce ke turo min sunayen da murya. Yadda ta jera haka nake bi, ba na canzawa, kada a ce na fifita wata."

"Muryar tana nan?"

Tana nan. Yasmine ta kunna ta farko, Hajiya Batul ita kaɗai tana kiran sunaye tana tari, ba wani abu a ciki. Ta kunna ta biyu. Ana jin ƙarar tireloli, wato a bakin kasuwa aka ɗauka. Hajiya Batul ta kira mutum biyar, ta ce, "Sai Asiyatu." Sai wata murya daga gefe ta ce, "A'a Hajiya, bar Asiya tukuna. Sa Ruƙayyat da Hamdiya, sannan ita." Hajiya Batul ta ce to, ta bi yadda aka ce. Kafin saƙon ya yanke an ji wani ɗan sauti, ko dariya ko gyaran murya.

"Mayar baya," in ji Asiyatu.

Sau uku suka saurara. Yasmine ta gane muryar, Asiyatu kuwa tun kalmar farko ta gane ta. Mutum ɗaya ne a duk Zongo ke kiranta Asiya.

"Mma, zan rubuta a gurup in ba da haƙuri, in yi bayani."

"Ba za ki rubuta komai ba. Ba za ki gaya wa kowa na zo nan ba. Jeri na gaba, ko ina Hajiya Batul ta sa ni, ke ki sa ni a takwas."

"A takwas kuma?"

"A takwas."

Ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya, ta juyo. Kalmar haƙuri ta zo mata har baki, ta kasa fita. Sai ta ce, "Kin rame. Ba kya cin abinci a wurin nan?" Yasmine ta yi dariya cikin sauran hawaye, ta raka ta har titi, ta tsayar mata da tasi, ta gaya wa direban ya bi a hankali.

A hanya Asiyatu ta yi ta kawo wa Safina uzuri tana rushewa. Wataƙila so take a haɗa Ruƙayyat da Hamdiya tunda tare suke aikin miya. Wataƙila ba ta ma ƙirga ba. To amma Safina tana da 'ya a jami'a, wadda ba abin da ba ta sani ba a waya. Kuma me ta taɓa yi wa Safina? Ta nemi dalili har tasi ta kai Zongo ba ta samu wanda ya isa ba. Rashin dalilin ya fi damunta.

"Me likita ya ce?" in ji Safina da ta dawo.

"Ya ce in ci gaba da lura."

Ranar Alhamis jeri na uku ya shigo, na bikin 'yar Hamdiya. Asiyatu tana takwas, lambarta tsaye ba fuska. Ta ajiye wayar a kan tulin atamfa, ta fuskanci titi, idonta na kan shagon gefe. Ta ga Safina ta buɗe wayarta, ta bi da yatsa, ta tsaya, ta ja sama ta dawo ƙasa. Ba a yi minti biyar ba ta leƙo.

"Au, ashe an kashe abin?"

"Wane abu?"

Safina ta buɗe baki ta rufe. "Ina nufin, yarinyar ta yi hankali ke nan."

"Ba haka kika ce ba. Cewa kika yi an kashe abin. Akwai abin da ake kashewa ne?"

"Ni ina na sani, Asiya? Haka na ji yara suna faɗa."

"Yaushe kika ji?"

"Kai, wannan tambaya kamar a caji ofis." Ta yi dariya, dariyar ba ta yi tsawo ba. Wata mata ta tsaya a gaban shagonta tana taɓa mayafi, ta juya da sauri ta tafi wurinta, ta daɗe tana nuna mata launuka fiye da yadda ta saba.

Asiyatu ba ta sake tayar da maganar ba, Safina ma haka. Ko wasa ne ya yi nisa, ko wani abu ne da ya daɗe a ciki, ba ta sani ba, kuma ta gane ko ta tambaya ba za a gaya mata ba. Suka ci gaba da gaisawa da safe, suna tsare wa juna shago idan an tafi salla. Sai dai makullin shagonta na biyu, wanda ya shekara goma sha a jakar Safina, ta karɓe shi ran nan da cewa nata ya lanƙwashe, ba ta kuma mayar ba. Safina ta miƙo shi ba ta tambayi komai ba.

Da yammacin Alhamis ɗin ta ce wa Alhaji Sabitu ya sanar da 'yan'uwansa, gobe bayan Juma'a a kai goro.

"Kin gama dubawar?"

"Na gama da wannan."

Aka sa rana bayan babbar salla. Ranar Lahadi Asiyatu ta zaɓi atamfa turmi biyu da hannunta, ta shinshina su, ta murza bakinsu tsakanin yatsu don ta tabbata ba za su zuba ba, ta ba Zulkifli ta ce ya kai gidan Zaituna, ya ce wa yarinyar ta zaɓi ɗaya ta kai wa tela da wuri, kafin cunkoson salla.